Ranar da akwatin batir ya yi kuka

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwana na zumuntar mata, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Karatuna na ajin marece ne nan majami'a, in rubutun ya karkace ku yi mini haƙuri.

Maigidana gardi ne, mai gadi ga kamfanin da ke sayen albasa da wake nan Madawa, kuma cikin harabar anka ba mu ɗaki. Ƙanen mahaifinshi ne ya samo mishi aikin, shi ne kontabul, mai lissafin wurin. Shi ya reni maigidana, ke nan surukina ne, Baba muke ce mishi. Tun da anka kawo ni daga Galma ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. In na hango Baba tahe, sai in ratse bayan mangaza, ɗakin ajiyar buhuna. Haka na ga uwata na yi.

Bara waccan patron, mai kamfanin, ya kawo wani inji daga Yamai, ordinater, wato kwamfuta. Sunan kowane manomi da buhunan da ya kawo, duk cikinshi suke. Gefenshi akwai akwatin batir. In kuran, wato lantarki na gari, ya ɗauke, akwatin ya riƙe injin na ɗan lokaci yana kuka, tit-tit, kamar ɗan tsako. Kafin ya gaji, sai Baba ya zo ya rufe aikin, ko maigidana ya tada gurup, injin ba da wuta. An gaya ma kowa, har ni mai shara, cewa in injin ya mutu yana tsakar rubutu, abin da ke ciki ya dagule. Baba kuwa kunnenshi na da nauyi, sai an kira shi.

Wata rana da azahar ina shara cikin biro, ofishin da injin yake, ɗiyata goye, kuran ya ɗauke. An aiki maigidana sayen gazuwal, man gurup. Baba ya bar injin na aiki, yana gindin iccen bedi tsakiyar maza suna cin abinci.

Akwatin ya fara kuka, na fito. Na tsaya nesa, na durƙusa, na ce gafara dai. Muryar ko ni ban ji ta sosai ba. Na koma bakin ƙofa, na sake fitowa, ina duba ko wata mace za ta gitta in aike ta. Ƙafata ta ƙi ƙarasawa. Ina nan tsaye da tsintsiya kukan ya tsaya, injin ya mutu.

'Yan'uwa, rabin sunayen sun ɓace, sauran sun cakuɗe. Manoman Garhanga sunka zo da raƙumansu sunka wuni cikin rana, ba a san buhun wa ke ina ba. Baba ya yi makonni yana sake zubawa daga takardu, idonshi ja. Patron ya tsai da maigidana gaban 'yan dako ya ce in haka ta sake faruwa mu kwashe kayanmu. Sai wani ya ce ai matar gardi na nan bakin ƙofa, ya gan ta. Daga ranar sunana ya koma Tit-tit. In na wuce da tulu sai in ji shi bayana, ana dariya.

Maigidana bai zage ni ba. Da ma ya zaga, da na fi samun sauƙi.

Tsoro ya shige ni kamar ciwo. Kaza ta wuce da 'ya'yanta, gabana ya faɗi. Abinci ya ƙi shiga, nonona ya ja baya, yarinya ta rame. Majami'a ma na daina zuwa, ina ganin kowa ya sani.

Inna Rahila, matar fasto, ita ta biyo ni har ɗaki. Ta saurare ni duka, ba ta yi dariya ba. Ta ce kunyar suruki ado ce, kar in yar da ita, amma in ɗakinshi na cin wuta ba a tsayawa sallama. Munka durƙusa. Abin da na iya faɗi ke nan: "Ubangiji, kai ka yi bakin ga. Ranar da ya kamata, ka buɗe shi." Na yi kuka har zanena ya jiƙe. Ranar na ci tuwo.

Da damina ta faɗi, wata rana iska ya taso, kuran ya ɗauke. An kwance gurup ana gyara. Baba na rumfar ƙofa da patron da baƙi suna shan shayi. Akwatin ya fara.

Gabana ya faɗi kamar da. Amma na ce Yesu, sai na ga ina gudu. Kallabina ya tashi, ban tsaya ba. Na keta tsakiyar maza, na kama hannun rigar surukina, na ɗaga murya:

"Baba, kuran ya ɗauke! Akwatin na kuka!"

Ya tashi har ya zubar da shayi. Ya rufe aikin, ya kashe injin da hannunshi, akwatin bai ko gaji ba. Suna ɗaya bai ɓace ba. Ni kuwa na shige ɗaki na rufe fuska, ni da na taɓa rigar surukina kai ba kallabi.

Washegari Baba ya zo ƙofarmu da wata tsohuwar ƙafar mota ta ƙarfe. Ya rataye ta ga bedi da kanshi. Bai dube ni ba, da maigidana ya yi magana:

"Ka ce ma ɗiyata ta riƙa buga wannan. Ashe tana da murya, amma ni ma jiya kunya ta kusa kashe ni."

Har yau muna ɗakinmu, yarinya ta yi ƙiba. Har yau ina ratse ma Baba hanya. In kuran ya ɗauke kuwa, ƙarfen nan har tasha ana jin shi.

Na gode ma Ubangiji da bai bar ni tsaye bakin ƙofar nan ba. Ke da tsoro ya ɗaure miki baki, ki kai mishi, ko kalma ɗaya ce kike iyawa. Yana jin muryar da ba ta fita. Amin.