Askin Umra Kafin Tafiya Asibiti

A Sha'aban 1425, wato Oktoban 2004, Malam Tahir Maigandi yana jiran jirgi a Madina, wani baƙo ya tambaye shi inda ya nufa.

"Turai, za a ƙona ƙarin da ke bayan idona. An riga an ƙera abin riƙe kaina, don kada hasken firoton, wanda da shi za a ƙona ƙarin, ya kauce ya taɓa jijiyar gani."

"Da wannan askin aka auna ka, Alhaji?"

Tahir ya shafa kansa. "Da sumata. Daga baya na yi Umra."

"Ya akhi, ɗan'uwa, ai yanzu da ba sumar, abin riƙe kan zai yi maka yawa!"

"Ko in yi shiru?"

"Idonka ne fa."

Da Tahir ya isa asibiti a Turai, ya faɗa wa likitocinsa cewa ya yi aski. Sai da suka sake awo kafin su fara.