Sunan da Malama Talatu Ta Ƙi Canzawa

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Fasto ya ba ni minti biyar, na ce masa ya yi haƙuri, abin da na yi shekaru ina haɗiyewa ba zai fito a minti biyar ba. Da Hausa kuma zan yi, ko da yake Hausar tawa ta kicin ɗin Gwaggo ce. In na kwafsa ku yi dariyarku, amma ku saurare ni.

Yawancinku kun san ni da Rifkatu Dauda. Sunan da ke fasfona Rifkatu Ishaya. Tsakanin sunayen nan biyu saura ƙiris a kore ni daga ƙasar da na girma a cikinta.

Ina shekara takwas mahaifiyata ta rasu a gida Najeriya. Gwaggo Saratu, yayar babana, ga ta can a layi na biyu, ta je gaisuwa, ta ga yadda na lalace, ta ce babana ya ba ta ni riƙo. Kun san yadda muke yi, ɗa na kowa ne. Babu kotu, babu sa hannu. Aka yi addu'a, aka haɗa mini kaya a jaka, ta nema mini bizar ziyara, sai ga ni nan ƙasar Turawa, a unguwar Gorton, ina rawar sanyi.

Da za a sa ni makaranta, Gwaggo ta rubuta mini sunan mijinta, marigayi Baba Dauda, don kada a ware ni cikin 'ya'yanta. Haka a wurin GP, wato likitan unguwa, haka ko'ina. Biza ta ƙare, fasfo ya shige ƙasan akwati. A tunanin Gwaggo, tunda an ba ni kujera a aji har an yi mini allurar rigakafi, ai gwamnati ta san da zamana.

Mutum ɗaya ce ta ƙi bin wannan tsari, Malama Talatu, malamarmu ta makarantar Lahadi. Ta san babana tun suna ƙungiyar mawaƙa a gida. Duk Lahadi in ta buɗe baƙin littafinta na kiran suna, sai ta ɗaga murya ta ce Rifkatu Ishaya. Yara su juyo suna kallona. Na yi kuka, Gwaggo ta same ta har sau biyu, Malama ta ce ita ba za ta binne babana Ishaya da ransa ba. Na tsani matar nan, Allah Ya gafarta mini. Ranar da aka ce ta koma Birmingham wurin ɗanta, har rawa na taka.

Na gama sakandare, uni, wato jami'a, ta ba ni gurbin karatun jinya. A fom aka ce in nuna izinin zama. Na tambayi Gwaggo, ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da fasfo mai hoton yarinya da giɓin haƙori. Ranar na san ni baƙuwa ce a garin da na haddace kowace tashar bas a Stockport Road.

Ƙawayena suka tafi uni, ni na koma yin kitso a bayan wani shago a unguwar Levenshulme. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce hutun shekara ɗaya na ɗauka. Hutun nan ya yi shekara shida! Ina tsayawa nan gabanku ina waƙa, baki na yabo, zuciya na tafasa. Ko ciwo nake ba na zuwa asibiti, don tsoron tambaya. Babana ya rasu ban je jana'iza ba, domin in na fita ba dawowa. Daga nan na daina yi wa Gwaggo magana sai gaisuwa, ita ma ciki-ciki. Muna gida ɗaya, ina cin tuwonta, ina gaba da ita.

Cikin masu zuwa kitso akwai wata Hajiya 'yar Kano, lauya ce. Wata rana kanta na hannuna sai bakina ya suɓuce. Ta ce a doka akwai ƙofar samun izinin zama ga wanda ya yi rabin rayuwarsa a nan kuma bai cika ashirin da biyar ba. 'Yan watanni suka rage mini. Amma da ta duba takarduna sai ta ajiye tabarau. Ta ce wadda ta shigo ƙasa Ishaya ce, wadda ta yi makaranta Dauda ce, a idon ofis mutum biyu ne. Sai an samo tsohuwar shaida, daga wajen dangi, wadda ta haɗa sunayen biyu. Maganar Gwaggo ita kaɗai ba za ta isa ba, tunda ita ta yi aikin.

Na bi makaranta, na bi council, wato ƙaramar hukuma, ko'ina Dauda. Ofishin unguwa da ke taimakon irinmu kyauta an rufe shi, shekarun da gwamnati ke tsuke bakin aljihu ne. Kwanaki suna tafiya, ni ina tsaye wuri ɗaya.

Sai ga taron haɗin gwiwa da 'yan'uwanmu na Birmingham, a unguwar Lozells. Don waƙa kawai na je. A cikin mota da safe na jingina kai da taga na yi addu'ar da ba ladabi a cikinta. Na ce, "Ubangiji, na gaji da ɓuya. Ban yi sata ba, ban yi kisa ba. In Kai ne Ka kawo ni ƙasar nan, tsaya mini. In ba Kai ba ne, faɗa mini yau in sani." Ban ji wata murya ba. Abin da na ji kawai, tsoron da ke zaune a ƙirjina ya ɗaga.

Bayan an ci abinci aka buɗe tattaunawa, kuma ku ji batun: yaran da aka kawo ƙasar nan suna ƙanana ba su da takardu, a bar su ko a mayar da su. Dattijo Bulus, babban akanta, mai jan fasfon 'yan ƙasar nan a aljihu, ya karɓi magana. Ya ce doka doka ce, mai bi kuwa biyayya ga hukuma wajibinsa ne. Ya ce irin waɗannan ke ɓata wa masu shigowa ta ƙofa suna. Ya rufe da cewa tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Kawuna suna ta gyaɗawa. Wata uwa ta ce yara dai ba su da laifi, amma a hankali ta faɗa, kamar mai neman gafara.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na ce, "Baba, da girmanka, ni ce tsuntsuwar. Ban ja ruwa ba. Hannuna aka riƙe aka hau jirgi da ni ina shekara takwas. Ubangijinmu ma a goye aka tsallaka da Shi Masar, ba wanda ya tambaye Shi ko Ya yarda. Ina za a mayar da ni? Kabari biyu ne kawai nake da su a can."

Dattijo bai ja da baya ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, cikin natsuwa ya amsa. Ya ce tausayi ba ya riƙe ƙasa, in aka buɗe wa ɗaya, iyaye za su ci gaba da kawo yara suna fakewa da su. Na ce to a yi magana da iyayen, amma wace shari'a ce babba ya yi kuskure a kama yaro? Na ce a gida mu ne masu cewa ɗa na kowa ne, yaushe ya zama na ba kowa da muka iso nan? Ban zauna ba.

Sai wata murya daga can baya, irin wadda ko a mafarki na ji zan gane ta.

"Rifkatu Ishaya. Ashe har yanzu bakin nan naki bai mutu ba. Zo nan."

Malama Talatu ce, ta tsufa, tana dogara sanda. Ta sa na faɗa mata abin da lauya ke nema, ta yi tsaki, ta ce in kama mata jaka. Gidan ɗanta layi biyu ne daga majami'a. Ta sa na jawo wani tsohon akwati daga ƙarƙashin gado, ga baƙaƙen littattafan nan a jere, ko ɗaya ba ta yar ba. Ta buɗe na farko. Da rubutunta mai kwanciya: Rifkatu Ishaya, 'yar riƙon Dauda da Saratu. Ga kwanan wata, ga alamar kowace Lahadi da na zo, ga ayoyin da na haddace, ga sa hannun faston lokacin a ƙarshen kowace shekara. Tun daga watan da na sauka ƙasar nan.

Na durƙusa a kan kafet na yi kukan da ban yi ba ranar mutuwar babana. Sunan da na yi shekaru ina jin kunyarsa, shi Allah Ya ajiye mini a ƙarƙashin gado a Lozells. Haleluya! Malama kuwa ko a jikinta, cewa ta yi in kula kada hawaye ya jiƙa mata littafi.

Hajiya lauya ta sa aka fassara shafukan, ta rubuta dogon bayani a kan yadda riƙo yake a wurinmu. Muka miƙa kafin ranar da zan cika ashirin da biyar. Jira ya yi tsawo, amma katin izinin zama ya zo. Na ɗan lokaci ne, sai na riƙa sabuntawa, don haka kada wani ya ce an gama. Amma yau ina aikin kula da tsofaffi a fili, da sunana, ba ta ƙofar baya nake shiga ba.

Dattijo Bulus har yanzu yana kan bakansa, ni ma ina kan nawa. Muna gaisawa da mutunci. Amma ku sani, duk inda aka sake ta da batun nan zan miƙe. Ba a kan lamba ake gardama ba, a kan yaran da ke zaune cikinmu ne, masu rera waƙa a nan gaba. Iyaye, in akwai fasfo a ƙasan akwatinku, ku fito da shi tun yaron bai girma ba. Kai kuma mai ɓuya, ba kai ka ja ruwan ba, ɗaga kanka.

Abu ɗaya ya rage. Kafin a miƙa takardun, sai da Gwaggo ta sa hannu a kan bayanin cewa ba ita ta haife ni ba. Na ga yadda abin ya yi mata ciwo, ban ce komai ba, don a lokacin ban gama hucewa ba. Yau zan faɗa a gaban ikkilisiya.

Gwaggo, takarda ta ce ke yayar babana ce, kuma gaskiya ta faɗa. Amma ni na san wadda ta tsefe mini kai, na san wadda ta ci gaba da zuba mini tuwo ina gaba da ita. Mama, ki yafe mini.

Godiya ta tabbata ga Allah da bai manta da sunana ba, ko ɗaya cikin biyun. Ku dogara gare Shi, naku ma yana rubuce a wurinSa. Amin.