Ni Na Ɗauke Butar Bu Sudarmi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, kuma shugaban makarantarmu, Pak Wiryono; mai girma kwamandan bariki da uwargidansa; babanmu liman; malamai maza da mata, na jiya da na yau; matan sojoji da kuka jera a gaba cikin kaya iri ɗaya kamar ƙwai a faranti; 'yan uwana matan kasuwar Purworejo da kuka cika baya, ƙanshin kifinku ya riga ku isowa; Manjo Prasojo, wanda ya keto teku domin wannan rana; sai uwarmu, malamarmu, Bu Sudarmi, wadda dominta aka kafa rumfa aka dafa shinkafa: ina gaishe ku baki ɗaya, gaisuwar ban girma.

Ni ce Wagini, mai barkono da busasshen kifi a layi na uku. Ina godiya ga kwamitin da ya zaɓe ni in yi magana a madadin matan kasuwa. Pak Wiryono ya ce minti biyar ya ishe ni. Allah sarki, bai taɓa sayen barkono a wurina ba.

An ce mana taron ban kwana ne. Gobe Manjo zai ɗauki mahaifiyarsa, Bu Sudarmi, zuwa Pontianak, inda aka kai shi aiki, ta bar mu ke nan. To, maganata uku ce, ta ukun kuwa ina roƙon a bar min hanya a buɗe ko da zan buƙaci gudu.

Ta farko. Wannan baiwar Allah ta auri soja tana da shekara ashirin da biyu, marigayi Saje Kasmuri, Allah Ya jiƙansa. Sau goma sha ɗaya aka ce musu su tashi, sau goma sha ɗaya ta naɗe tabarma ta bi shi. Ta sha ruwan rijiya goma sha ɗaya, ta binne ɗa guda a tsibirin da har yau ba ta sake takawa ba, kuma duk inda motar soja ta sauke su, kafin a kafa gado ta riga ta kife akwatunan kaya ta mai da su teburan karatu. Shekara arba'in da ɗaya tana riƙe da alli. Marigayi yakan ce, "Gwamnati ta ba ni bindiga ɗaya in ɗauka, matata ta ɗora min allo uku, kuma allon ne ke hana ni barci in ya ɓata."

Ta biyu, yadda ta kama mu. Mu dai mun ɗauka in malami ya yi ritaya duniya ta huta. Ina! Ranar farko ta zo rumfata ta sayi barkono, na ƙunshe mata a tsohuwar jarida yadda kowa ke yi, sai ta ƙi karɓa. Ta ɗora yatsa a kan ƙunshin ta ce, "Karanta min nan." Na ce, "Bu, barkono nake sayarwa, ba labarai ba." Ta ce, "Ba sauri nake ba." Ta buɗe laima ta tsaya. Masu saye sun taru a bayanta har layin masu nama, ni kuwa da na bar makaranta a aji huɗu ina ta haɗa baƙi ina gumi, har na karanto wa kasuwa duka cewa wani gwamna ya buɗe gada shekara uku da suka wuce.

Muka yi shawara, muka koma ƙunsa mata kaya a ganyen ayaba. Washegari ta zo da jaridarta daga gida.

Haka ta yi mana ɗaya bayan ɗaya, har muka gaji da ɓuya muka koma ɗaukar karatu a barandarta da yamma. Ina da shekara talatin da takwas na karɓi takardar gama firamare. Mu ashirin da shida ne a baya can, ku ɗaga hannu a gan ku! Wannan jawabin ma ni na rubuta shi da hannuna, in kun ji kuskure ku tuhume ta.

Sai ta uku. Kowa a nan ya san ba a tashi daga gida hannu rabbana. Tabarma, matashi, tsintsiya, fitila, sai kendi, butar ƙasa cike da ruwan rijiyar gidan da za a bari. Bu Sudarmi buta ɗaya ta yi duk tashinta goma sha ɗaya da ita. Kun kuma san abin da ya faru watan jiya. Dattawa suka lissafa ranar sa'ar tashi, ta faɗo Alhamis Pahing a kalandarmu ta gargajiya. Manjo ya zo, mota ta zo, aka nemi buta aka rasa. Aka ɗaga gado, aka leƙa rijiya, aka sa sojoji biyu suka bincika har akurkin kaji. Manjo ya sayo sababbi uku, ba ta ko kalle su ba. Ta zauna a kan akwati ta ce ba da waɗannan aka kawo ta ba. Rana ta wuce, kuma Alhamis Pahing ba ta dawowa sai bayan kwana talatin da biyar. Gobe ke nan. Manjo ya ce wannan karon ko da buta ko babu.

Mai girma kwamanda, ka ce wa mutanenka su zauna. Ni na ɗauke ta. Na je taya haɗa kaya da rana tsaka, na tura ta cikin kwandona, na rufe da barkono, na wuce ta gaban Manjo har ya ce min, "Mbak Wagini, sannu da ƙoƙari."

Kwana huɗu bayan nan ta zo rumfata. Ta karɓi ƙunshinta, ba ta ce in karanta komai ba, nan gabana ya faɗi. Sai ta ce, "Wagini, butar ƙasa tana ɗaukar ƙarni. Ki matsar da ita daga ƙarƙashin teburin kifi."

Na ce, "Bu, wace buta?"

Ta ce, "Wadda ban gani ba."

Na ce, "In kawo miki?"

Ta ce, "Na tambaye ki?"

Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. Ba ta dube ni ba ta ce, "Na koya wa mutane abubuwa da yawa, amma ni ban taɓa koyon yadda ake ce wa mai kaki a'a ba, ko da ni na haife shi."

Bu, na san za ki ja min kunne a kan wannan, ga kunnen. Amma mu a kasuwa cewa a'a ce sana'armu, tun asuba muke yi, ba ta taɓa kashe kowa ba.

Manjo, babu wanda ya ce ba ka kyauta ba. Ɗa ne kai na kirki, kana tsoron ta faɗi babu kowa kusa. Ga mata ashirin da shida, ga karɓa-karɓa mun tsara, rana ɗaya ba za ta wuni ita kaɗai ba ko ta kore mu. Ga buta nan na fito da ita, babu ko ɗigon ruwa ciki. In ta ce a cika, ni zan ja guga, mu ɗauki kayanta a ka har tasha muna kuka. Abu ɗaya muke roƙo. Duk tsawon rayuwarta takardar tashi ake kawo mata, ba a taɓa tambayarta ba. Ka cire hular nan ka tambaye ta.

Jama'a, ku ba shi hanya. Ya cire! Ya durƙusa! Matan baya, ku yi shiru mana, ba gwanjo ake ba. Bu, me kika ce? Ban ji ba, kunnen da za a ja ne.

Ta ce in wanke ta da toka sau biyu, in mayar da ita kan kantar kicin inda na ɗauko ta!

Manjo yana dariya, yana kuma share ido, ku bar shi, barkonona ne. Pak Wiryono, a sauke allon nan da aka rubuta ban kwana, amma shinkafar a bar ta inda take.

Allah Ya ƙara wa Bu Sudarmi lafiya da nisan kwana a tsakaninmu. Allah Ya haskaka kabarin Saje Kasmuri. Allah Ya tsare Manjo a bakin aikinsa, Ya riƙa dawo mana da shi lafiya. Allah Ya ba matan sojoji haƙurin naɗe tabarma, Ya ba malamai ɗalibai masu sauƙin kai fiye da mu, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni kuwa Allah Ya yafe min satar farko, in Ya so ta zama ta ƙarshe.

Na gode, na kuma gode da ba ku kama ni ba.