Na Ƙirƙira Wa Masunci Dangi A Katsina

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Alhaji Garba ne daga Stapleton, New York.

Bara 'yata ta kai ni hutu wani ɗan garin masunta a Jamaika. A bakin teku wani dattijo ya riƙe hannuna, ya ce, "Ɗan'uwa, daga ina aka kwaso kakannina?"

Ban sani ba, amma na ji nauyin in sallame shi haka nan. Na ce, "Ai wannan goshin na Katsinawa ne." Da yake bakina ya saba da tatsuniya, har unguwa na ba shi.

Jiya ya bugo waya, wai zai sayar da kwalekwalensa ya je ganin dangi. Jama'a, abinci ya ƙi ciwuwa. Ta ina zan fara gaya masa?