Mai Kallon Takalmi a Gidan Rawa

Tun ranar da Ofelia ta bar Evaristo ta bi amininsa, ya daina ɗaga ido a gidan rawar tango, inda da ido ake gayyatar mace.

Wata rana a tashar bas ta unguwar Boedo wata mata ta tare shi.

"Bawan Allah, Lahadi uku ina kallonka a gidan rawa, kai kana kallon takalmi. Makaho ne?"

"Takalmi bai taɓa guduwa ya bar ni ba."

"To me ke kai ka wurin?"

"Waƙoƙin. Suna zagin maciya amana, bakina yana hutawa."

"Ita maciyar amanar taka ta san ana zaginta?"

"Bara aka binne ta."

"Ai sai ka huce."

"Na huce tun tuni, baiwar Allah. 'Dawo gida' ne ban samu na faɗa mata ba."