Ba Mai Tsawa a Bayanmu

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa. Ni ne Nafi'u, ɗalibi a Madina, ƙasar Saudiyya, unguwar Aƙiƙ.

Kafin na taho, ni ne lamba biyar a ƙungiyar ƙwallon kwalejinmu. Ni nake daka tsawa, "Ku fito!", 'yan baya su tako tare, a kama abokin hamayya da satar gida. Jiya aka turo min bidiyon wasansu. An zura musu huɗu, kowa ya yi gum. Ban san sanda na ƙwala "Ku fito!" ba, ni kaɗai a ɗaki. Maƙwabcina Balarabe ya leƙo ya ce, "Salamat?", wato lafiya?

Ki gaishe min da Sabi'u, wanda ya gaji lambata. Sabi'u, don Allah ka buɗe baki. Tawa tsawar ba ta isowa daga nan.