Ranar da Na Hana a Zuba Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan taro, Alhaji Ummaru Sarkin Kasuwa, Allah ya ƙara girma. Wakilin Sarkin Kance, ranka ya daɗe. Malam Inusa, limaminmu, Allah ya gafarta malam. Majo, babban mai jinya na gidan likita, sannu da ƙoƙari. Dattawan Matameye, baƙinmu na Tsauni da na Icirnawa, direbobi, maƙera 'yan'uwana, da iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin tsamiya, ina gaishe ku gaisuwar girma, kowa da matsayinsa.

Na gode da aka ba ni dama, domin na san ba kowa ne ya so a ba ni ita ba. Ga wanda bai san ni ba, sunana Illa, maƙerin farfaru, kuma ni ne babban ma'aikatan wannan garaji da ke bayana. An tara mu yau don abu guda: ko a rufe garajin nan, ko a bar shi. Abin da kuka yanke, shi wakili zai kai Kance. Ni kuwa na tsaya ne in roƙe ku a bar shi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka sai na fara da laifina.

Da farko, bari in faɗi abin da ake rigima a kansa, domin na ji ana cewa wai ruwan aljanu muke ajiyewa. Aikinmu shi ne liƙe tankunan ruwa da rufin kamiyon, wato manyan motocin da ke ɗaukar gyaɗa. Ana liƙin ne da wani ƙyalle na gilashi da wani danƙo. To, gilashi da danƙo ba sa shiri, sai an shafa musu wani ruwa da ke zuwa cikin garwa tun daga bakin teku. Sunansa na Nasara ya fi ƙarfin harshena. Mu dai muka sa masa Dillali, tun da shi ke shiga tsakanin biyu ya haɗa su. Dillali fari ne fes, ka rantse ruwan rijiya ne. Amma in ya haɗu da ruwan gaske, ko ɗigo ne, sai ya tafasa ya fitar da farin hayaƙi mai cin ido da maƙogwaro. In ya ga wuta kuma, sai ya kama.

Wanda ya kawo shi ya yi mini bayani ta bakin tafinta, rana guda, yana sauri zai koma Damagaram. Na riƙe abin da na riƙe. Na dawo na tara ma'aikata goma sha ɗaya, na buga ƙirji na ce musu, “Dillali ba ya son ruwa. Duk wanda na gani da ruwa kusa da shi, ya bar aiki.” Safe da yamma nake maimaitawa, har suka fara yi mini waƙa da ita. Malam bahaushe ya ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Rabin doka na koya musu, ina tinƙaho kamar na sauke.

Na biyu, abin da ya faru ranar Laraba, mako shida ke nan. Kun san al'adarmu, mu maƙera. Garwar da aka juye rabon ma'aikaci ce. Da ita muke buta, da ita muke fitila, da ita muke mazurari. Wane ne a nan bai taɓa alwala da butar da ta fito daga garwar kananzir ba? Cha'ibu, ga shi can zaune kusa da liman, abokin aikina ne tun muna cin rani a Kano, shekara tara muna kwana rumfa ɗaya. Ya ga garwar Dillali ta ƙare, sabuwa dal, ko tsatsa babu. Ya ce a ransa, ai Dillali ya fita, saura gida. Ya ɗauke ta ya kai bayan katanga, ya zuba ruwa, ya toshe baki, ya girgiza, kamar yadda ubansa ya yi, kamar yadda ubana ya yi. Ashe ɗan abin da ya rage a gindi ya isa. Murfi ya tashi, abin ya watsu a fuskarsa.

Muka ji kururuwa muka ruga. Ga Cha'ibu yana birgima, hannu biyu a ido. Wani ya ce a kawo man shanu, wani ya ce nono, wani ya tafi neman kwalli. Habsatu mai fura, wadda ke zama a ƙofar garaji, ta sheƙo da tulunta na ruwa za ta zuba masa. Jama'a, ni na riƙe hannunta. Da wannan hannun na riƙe ta. Na ce, “Ke, za ki kashe shi! Abin ba ya son ruwa!” Ta ce, “Sake ni, Illa.” Na ƙi. Ta ce, “Barkono ma in ya shiga ido, ruwa ake sawa. Sake ni, ko in fasa maka tulun nan a ka!” Ban sake ta ba, ita ta fizge. Ta durƙusa ta danne kansa a cinyarta, ta buɗe idon dama da yatsa tana kwarara ruwa, tana kiran mata su kawo nasu. Tulu ya bi tulu har aka ɗauko majo.

Majo yana nan, in na yi ƙarya ya tashi ya ƙaryata ni. Ya ce ruwan Habsatu ne ya ceci idon dama. Na hagu kuwa, wanda ruwa bai kai gare shi da wuri ba, ya tafi. Na tambaye shi, da ban riƙe ta ba fa? Ya ce Allah ne masani. Ya yi mini kara ne, na kuma gane. Tun ran nan abinci ba ya yi mini daɗi, kuma ban ji kunyar faɗa a gaban mata da yara ba.

Na uku, ga cikakkiyar dokar, wadda na je har Damagaram na zauna kwana huɗu na koyo, ina tambaya har tafinta ya gaji da ni. Ku riƙe ta, ko an rufe garaji ko ba a rufe ba, domin irin waɗannan garewani yanzu suka fara shigowa ƙasar nan.

Dillali a cikin garwa, a nisanta shi da ruwa. Dillali a jikin mutum, a yi ta zuba ruwa. Ba kofi ɗaya ba, ba buta ɗaya ba. Ɗan ruwa kaɗan tsokanarsa yake yi, ruwa mai yawa shi ke kore shi. A buɗe ido a zuba har tulu uku su ƙare, a tuɓe rigar da ya taɓa, sannan a kai mutum gidan likita. Ba man shanu, ba nono, ba kwalli. In ya zube a ƙasa, kada a yayyafa ruwa kamar yadda muke yi kafin shara, a rufe shi da busasshen rairayi. Ba a buɗe shi cikin ɗaki, sai a rumfa mai iska, mutum ya ba iska baya, da tabarau a ido da safar roba a hannu. Ba taba, ba ashana, ba garwashin shayi. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci goro, kafin ma ya yi alwala, domin hannun da zai kai ruwa baki da hanci ya kamata ya fara tsarkaka.

Sai mai wuyar, wadda ta fi yi wa maƙeri ciwo. Garwar Dillali ba ta zama buta har abada. In ta ƙare, a bar ta a buɗe a rana cikin shinge, a huda gindinta, a murƙushe ta, a binne nesa da rijiya. Na san abin da zuciyarku ke cewa, domin tawa ma ta ce: wannan ai almubazzaranci ne. Na kai wa Malam Inusa tambayar. Ya ce, “Illa, garwa da ido, wanne ake sayarwa a kasuwa?”

Yanzu ga roƙona. Masu cewa a rufe ba su yi laifi ba, tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Amma ku dubi mutum goma sha ɗayan nan. Kowace shekara da an gama cirar gyaɗa, sai mu ɗaura ƙunshi mu tsallaka iyaka, ba a ganinmu sai hadari ya taso. An haifa mini 'ya'ya uku, ba wanda na ji kukansa na fari. An binne mahaifiyata ina Kano ina liƙin bokitin wani. Bana ne karo na farko da na yi azumi a ɗakina, na sha kunun gidana. In aka rufe ƙofar nan, Dillali ba zai bar duniya ba. Can za mu je mu same shi, a garin da ba mu da Habsatu.

Ku duba bakin rumfar nan. Randa biyu ne manya, kullum cike, ba a sha, ba a wanki da su. Mun roƙi Habsatu ta zama mai duba su, ta yarda, bisa sharaɗin kada in ƙara koya mata aikinta. Na yarda.

Saura mabuɗin ɗakin ajiya, inda muke kulle Dillali. Da Cha'ibu ya fito daga gidan likita, na je gidansa neman gafara, na kasa ɗaga kai. Na ce masa zan sauka daga aikin. Ya ce, “Ka sauka ka bar wa wa? Wanda bai riga ya yi kuskuren ba?” Sannan ya ce, “Na yafe maka, Illa. Amma ba ni mabuɗin. Ido ɗaya ya rage mini, kuma ba wanda zai tsare garwar nan kamar wanda ya san farashinta.” Ga mabuɗin a hannuna. In kun ce a rufe, wakili zan miƙa wa. In kun ce a bari, zan taka in kai wa Cha'ibu, a gabanku.

Allah ya ba Cha'ibu lafiya, ya tsare masa hasken da ya rage. Allah ya saka wa Habsatu da alheri, ya sanyaya mata kamar yadda ta sanyaya. Allah ya ja zamanin Sarki, ya albarkaci gonakinmu da sana'o'inmu, ya zaunar da mazan Matameye a gidajensu rani da damina. Allah ya ba mu sani cikakke, ya raba mu da rabinsa. Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Hannuna yana miƙe, ina jiran bakinku.

Na gode.